Na Shanya Ganyen Ƙanwata A Rana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manyanku da yaranku. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Kuma kafin wani ya fara rubuta mini Allah wadai, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san abin da na aikata ba shi da kyau, ba sai an gaya mini ba, zagin da nake yi wa kaina ya fi duk wanda za ku yi mini. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya Lawal, sai ni, sai autarmu wadda zan kira Ramlatu. Akwai wani ciwo a gidanmu, likitoci suna da sunansa na Turanci, amma mu "ciwon Baba" muke ce masa. Mugun abu ne mai haƙuri. Ba ya kama yaro, sai ya bari mutum ya girma, ya yi aure, ya tara iyali, sannan ya waiwayo shi. Da farko yatsu su riƙa motsi da kansu, kafaɗa ta riƙa zabura, mutum ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Daga nan sai fushi babu gaira babu dalili, sai mantuwa, sai harshe ya yi nauyi, a ƙarshe ko ruwa ya kurɓa sai ya ƙware. Babu inda ba a kai Baba ba. An ce sammu ne, an ce iska ce, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi turare har bangon ɗakinsa ya yi baƙi. Sai daga baya wani likita ya zaunar da mu ya ce gado ne, a jini yake, yana cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma duk ɗan da mai ciwon ya haifa ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi ne. Ya ce har yau ba a sami maganin warkewa ba, ƙwayoyin da yake rubutawa na rage zaburar ne kawai.

Lokacin da Baba ya kwanta na gama sakandare, kuma an ba ni gurbin karanta ilimin haɗa magunguna a jami'a. Ba yabon kai ba, a makarantarmu ba wanda yake shiga gabana a kimiyya. Amma Hajiya, mahaifiyarmu, ba za ta iya jinyar ita kaɗai ba, Yaya Lawal kuma bai daɗe da samun aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Abuja ba. Aka ce in yi haƙuri sai baɗi. Baɗi ta zo aka ce sai wata baɗin. Kafin Baba ya rasu gurbin ya bi ruwa, na yi aure, daga baya na lallaɓa na yi karatun koyarwa, yanzu ina koyar da 'yan firamare a Gwagwalada. Ramlatu kuwa lokacin tana yarinya, ni ke yi mata kitso, ni na koya mata lissafi, da littattafaina ta yi karatu, har da sunana a jikinsu. Ita babu wanda ya ce ta jira baɗi. Ta wuce jami'a, ta sami tallafi ta fita waje, ta dawo ana ce mata Dakta.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ramlatu tana can waje ciwon ya sauka a kan Yaya Lawal. A ofis aka fara raɗe-raɗin wai yana shan giya, bawan Allahn da ko taba bai taɓa sawa a bakinsa ba. Aka sallame shi da sunan ritaya, matarsa ta kwashi yara ta ce za ta je ganin gida, har yau tana can tana ganin gida. Ina za a kai shi? Hajiya ta tsufa, tana Zariya. Aka ce ai ga gidan wance kusa da asibiti, kuma dama ta saba. Ta saba! Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, bai ce uffan ba, shi ke yi masa wanka ma kafin ya fita aiki. Sauran duk ni ce: wankin zannuwan gado, dama kunu mai kauri don kada ya ƙware, ba shi a cokali yana fizge kai, goge bango idan ya yi jifa da kwano. Kwankwasona ya tashi aiki wajen ɗaga shi. Biki ko suna kuwa, sai dai in ji labari.

Da Ramlatu ta dawo sai ta kama aiki a wata cibiyar bincike ta gwamnati, kuma ba wani abu ta sa a gaba ba illa ciwon gidanmu. Aikinta shi ne ta tatso sinadarai daga ganyaye da saiwoyi da ɓawon itatuwa, ta gwada ko akwai wanda zai rage wa ciwon gudu. Kun san a kan me take gwadawa? Ƙudaje. Ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, waɗanda masana suka san yadda suka yi suka dasa musu irin ciwon. Ana zuba su a wata doguwar kwalba, a buga gindinta a tebur su zube ƙasa. Masu lafiya nan da nan su haura sama, masu ciwon su yi ta tangaɗi a ƙasa, sak Yaya Lawal. Sai ta riƙa haɗa musu abinci da abin da ta tatso, ta ga ko za su fi iya hawa. Ni har tsokanarta nake yi, ina ce mata likitar ƙuda, tana dariya.

Ta gwada ganyaye da yawa ba su yi komai ba, sai guda ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinmu, gobe wani zai je ya tafasa tukunya guda ya ɗura wa majinyacinsa. A bayan Gwagwalada yake fitowa, a gefen gonar wani dattijo Gbagyi da zan kira Baba Yohanna, kuma da damina kaɗai ake samunsa yadda take so, da ya yi fure shi ke nan sai wata shekara. Matsalar ita ce ganyen ba ya son wahala. Idan aka cusa shi a buhu aka bi gosulon hanyar cikin gari da shi, kafin a isa ya yi gumi ya fara baƙi. Injin busarwa na cibiyarsu kuma yau da wuta, gobe babu. Sai ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya, ki ara mini ɗakin nan naki na baya. A baza shi a kan tabarma, a buɗe taga, a riƙa juya shi safe da yamma. Amma don Allah kada rana ta gan shi, ko kaɗan. Abin da nake nema a cikinsa zafin rana kashe shi yake yi." Na ce, "Ni za ki koya wa shanyar ganye? Tun kina yawo ba wando nake shanya zogale a inuwa." Ta sayo sabon turmi na musamman. Idan ya bushe in daka, in tankaɗe, in zuba a kwalabe masu duhu ta zo ta ɗauka.

Na yi mata shi da zuciya ɗaya, Allah shi ne shaidata. Na kwashe kayana daga ɗakin na jibge a falo, na hana yarana shiga, ina juya ganyen nan kamar jariri. Ranar da ta zo da sakamakon ko sallama ba ta gama ba ta miƙo mini wayarta. Na ga kwalabe biyu. A ɗaya ƙudajen suna zube a ƙasa, a ɗayar kuwa ga su nan suna ta haurawa, ba kamar masu lafiya ba, amma suna hawa. Muka rungume juna muna kuka. Na ce to me ake jira, a dama wa Yaya Lawal a kunu. Sai ta ja baya. Ta ce, "Yaya, ƙuda ba mutum ba ne. Sai na maimaita ya sake yi, sannan a gwada a ɓeraye, a tabbatar ba ya taɓa hanta ko ƙoda. Abin zai ɗauki shekaru, kuma yawancin irin waɗannan a hanya suke mutuwa. Ba zan ba ɗan'uwana abin da ban san iyakarsa ba." Na ce, "Wato ƙuda ya sha, yayanki ya yi kallo?" Ta ce, "Ki yi haƙuri." Gaskiya ta faɗa, na sani, amma a ranar ji na yi kamar ta mare ni. Ita da ke leƙo shi ranar Lahadi da lemo a leda, ita ce za ta yanke abin da zai sha da wanda ba zai sha ba?

Daga nan labari ya bazu a dangi, kuma kun san dangi da ƙarin gishiri. Kafin ya isa Zariya ya zama "Dakta ta gano maganin ciwon Baba". Ita tana ta cewa ba haka ba ne, ba mai sauraronta. Wani kawunmu da ke Maitama, wanda tunda aka kawo Yaya Lawal gidana bai taɓa tako ƙafarsa ba wai hanyar ta yi nisa, shi ne ya shirya mata walima. Aka ɗauko Hajiya daga Zariya da mota. Aka ce in zo da wuri don in taimaka a kicin. Ni na tuƙa tuwon, ni na soya naman, ina tsaye a bakin ƙofar falo da faranti a hannu lokacin da aka ce Dakta ta yi jawabi. Ta gode wa Allah, ta gode wa Hajiya, ta gode wa kawu, ta gode wa oganta. Ta gode wa Baba Yohanna da ba ya ma wurin. Har ƙudajen ta gode wa, aka fashe da dariya. Ina tsaye ina jira. Ta zauna, aka yi tafi. Wata 'yar kawu ta juyo ta ce mini, "Anti, a ƙaro zoɓo."

Na san za ku ce mantuwa ce. Ni ma na gaya wa kaina haka. Amma ta yaya ake manta wanda ya raine ka? A mota muna komawa Hajiya ba ta da zance sai na Ramlatu. "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ita ce za ta share mana hawaye." Ni kuma da na share kashi da fitsari tun ina budurwa, me na share? Abin da ya ƙarasa ni shi ne Yaya Lawal. Harshensa ya yi nauyi, ya daɗe bai kira sunana ba, sai dai ya yi gurnani ya nuna abin da yake so. Amma da Ramlatu ta shigo gaishe shi washegari, sai ya yunƙura, fuskarsa ta washe, ya haɗa duk ƙarfinsa ya ce, "Ram…la…tu." Hajiya ta sa kuka ta ce, "Kun gani ko? Ya san mai cetonsa." Ina durƙushe a gefe ina matse zanen gadonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan ɓoye muku ba, a ranar na tsani ƙanwata. Na tsani farar rigarta, na tsani makullin motarta, na tsani yadda take cewa "bincikena" alhali a ɗakina aka shanya shi. Karatun da take taƙama da shi ma ai nawa ne, ni aka ce in jira baɗi.

Bayan 'yan kwanaki Baba Yohanna ya zo da sabon ganye a bayan babur, don za ta maimaita gwajin kamar yadda ƙa'idarsu ta ce. Ya sauke ya ce, "Madam, ganye ya zo. Dakta ya ce in tuna maka, kar ka bari rana ya taɓa shi fa." Wato har aike ake yi mini a tuna mini. Na ce to. Yana tafiya na tsaya ina kallon ganyen. Wanda ya san Gwagwalada ya san ranarta, ko da damina idan ta buɗe sai ka ce a kan mutum kaɗai aka kunna ta. Na ɗebi ganyen na baza shi a kan simintin tsakar gida, wajen tankin ruwa, inda ko silifa ka bari sai ta yi laushi. Ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ce. Na san abin da nake yi, ai na so in karanci magunguna. A raina na ce bari mu ga ko Dakta za ta iya ba tare da mai ƙaro zoɓo ba.

Kafin la'asar ganyen ya bushe ƙayau, ya koɗe, koren nan mai duhu ya koma fari-fari. Sai tsoro ya kama ni, don tana gani za ta gane. Na daka shi, na tankaɗe, har yanzu launin bai yi ba. Sai na tuna dabarar masu sayar da garin miya a kasuwa idan kayansu ya kwana biyu. Na buɗe robar kukata, mai kyau, shar da ita, na zuba kaɗan na gauraya har launin ya dawo. Na zuba a kwalabenta. Ta zo ta ɗauka, ta ɗaga ɗaya ta duba ta ce, "Kai Yaya, hannunki akwai albarka." Na ce Allah ya ba da sa'a.

Ƙudajen ba su hau ba. Ta zo gidana jiki a sanyaye, ta cire takalmi ta zauna a tabarma, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, ban gane ba. Komai iri ɗaya na yi." Ta ɗora kanta a cinyata kamar lokacin da nake yi mata kitso. Ga wurin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan: daɗi na ji. Na ji ƙanwata ta dawo, ba Dakta ba, Ramlatun da ke buƙatata. Na shafa kanta ina cewa ki yi haƙuri, komai nufin Allah ne. Wace irin mace ce ke yin haka? Wace irin 'yar'uwa ce ke kunna wuta sannan ta zo da ruwa a kofi ana yi mata sannu? Da aka kawo na gaba, na sake yi. Wannan karon ko gabana bai faɗi ba.

Ta bi ta birkice. Ta canza abincin ƙudajen, ta canza kwalabe, ta zargi ɗalibar da ke taya ta aiki har yarinyar ta yi kuka. Akwai wata na'ura a cibiyarsu da ke iya nuna abin da ke cikin gari, wadda da tana aiki da tuni asirina ya tonu, amma ta lalace, an ce sai an kawo wani ƙarfenta daga waje, kuma takardar tana can tana yawo daga tebur zuwa tebur. Sau ɗaya ta tambaye ni, shi ma a kunyace. "Yaya, babu abin da ya canza a nan ko? Ko yara sun buɗe ƙofa?" Na haɗe rai na ce, "To, yau kuma ni ake tuhuma? Ki kwashe kayanki ki kai Maitama a shanya miki." Ta rikice tana ba ni haƙuri, har da riƙe mini hannu. Daga nan sai zarginta ya koma kan Baba Yohanna, ko yana tsinko wani ganyen mai kama da shi. Ta je gonar da kanta da sassafe, ta tsaya aka tsinka a gabanta, ta kawo gidana a motarta, ta baza a ɗakin da hannunta, sannan ta wuce ofis. Wannan shi ne na ƙarshe a bana, don itacen ya fara fure.

Wallahi na yi niyyar barin wannan a inuwa. Na ce ya isa haka, na rufe ɗakin. Sai wayar Hajiya ta shigo. A makon nan kwankwasona ya hana ni ko ruku'u sosai, kuma ta sani. Ba ta ce ya jiki ba, ba ta ce ya mai jiki ba. Cewa ta yi, "An ce an kawo ganyen Dakta. Ki kula da shi da kyau, kin ji ko? Kada ki yi mata sakaci, yarinyar nan duk ta rame." Na ce to Hajiya. Na ajiye wayar, na buɗe ɗakin, na kwashi ganyen na fita da shi tsakar gida.

Yanzu ga inda aka kwana. A cibiyarsu an fara gulma, wai sakamakon farko ƙirƙirarsa ta yi don ta yi suna. Waɗanda dama ke jin haushin yarinya ta dawo daga waje ta sha gabansu sun sami abin taunawa. Oganta ya kira ta ya ce kwamiti zai zauna mako mai zuwa, ta zo ta yi bayanin dalilin da abu zai yi sau ɗaya ya ƙi maimaituwa. Idan ba ta da bayani, za a rufe aikin ganyen gaba ɗaya a mayar da tallafin wani wajen. Na yi tunanin in gyara a ɓoye, in shanya wani da kyau in ce ga shi, amma ina ganyen? Sai damina mai zuwa, kuma kwamiti ba zai jira damina ba.

Ranar Lahadin da ta wuce ta zo bayan la'asar. Ta yanke wa Yaya Lawal farce, ta ba shi kunu, rabi a bakinsa rabi a rigarta, ba ta damu ba. Sannan ta same ni a kicin ina gyaran shinkafa, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna. Ta ce, "Yaya, na yanke shawara. Zan gaya wa kwamiti cewa kuskurena ne tun farko, ganyen ba ya yin komai. Gara a ce na yi kuskure da a ce na yi ƙarya." Na ce, ba tare da na ɗago ba, "Ki dai ƙara tunani." Ta ce, "Na bi kowane mataki, babu inda ban duba ba. Abin da ya rage kawai shi ne idona ne ya nuna mini abin da zuciyata take so. Kuma ina da dalilin da zai sa zuciyata ta so shi fiye da kima." Sannan ta ce, "Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Hajiya. Lokacin da nake waje na ba da jinina an gwada. Ina da shi, Yaya. Bai fara ba tukuna, amma yana nan tafe."

Na ajiye tiren shinkafar. Yarinyar da na yi shekaru ina ganin ita ce Allah ya zaɓa ya ba komai, ashe da wannan take kwana take tashi? Ashe duk gudun da take yi, da rashin zaman da nake kira girman kai, tsere take yi da abin da ke cikin jininta? Ni kaina ban taɓa yarda an gwada ni ba, don tsoro, ga kuma 'ya'yana. Ita ta je ta ji nata, ta dawo ta haɗiye, ta kama aiki. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ba na son asibiti, ba na son 'yan aiki. Idan nawa ya zo, ke nake so ki riƙe ni. A duniyar nan ke kaɗai ce na san ba za ki cuce ni ba. Kin yi mini alkawari?" Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, Allah ya sani na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Na yi."

Jama'a, ban ce ganyen nan magani ne ba. Ita kanta ta ce mai yiwuwa ko an ci gaba a hanya zai mutu. Amma mai yiwuwa kuma ba zai mutu ba, kuma ni ce na rufe ƙofar kafin a ga abin da ke bayanta. Idan na yi shiru, za ta tsaya gaban kwamiti ta ɗauki laifin da ba nata ba, a binne aikin, ta ci gaba da ganin ita ce ta yaudari kanta, ni kuma in ci gaba da zama Yaya mai albarkar hannu. Idan na faɗa, tana da bayanin da za ta kai musu, wataƙila su ba ta damina ɗaya ta sake gwadawa, ko da za su yi mata faɗan barin kayan bincike a gidan 'yar'uwa. Amma Hajiya za ta ji, kawu zai ji, maigidana zai ji, kuma na san ba wanda zai tuna shekarun da na yi ina jinya, ganyen kawai za a tuna. Wannan ma zan iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne fuskar Ramlatu. Idan na ba ta aikinta, na ƙwace mata mutum ɗaya da ta yarda da shi, kuma ranar da hannunta zai fara rawa, daga hannun wa za ta yarda ta karɓi cokali?

Kwamiti na zama mako mai zuwa. Jibi za ta zo ta karanta mini abin da za ta faɗa musu, wai tana so in ji ko ya yi. Don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Me zan yi?